Ƙanena ya yi magana bayan hari, yanzu gari ya juya mana baya

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a wani ƙauye da ke yammacin Kano, kusa da iyakar Katsina. Ina da ƙane mawaƙi, Allah ya ɗaukaka shi a waƙoƙin biki, yana da mabiya masu yawa a TikTok da Facebook, kuma shi ke ɗauke da iyayenmu. Kwanakin baya 'yan bindiga suka shiga wani gari da ke maƙwabtaka da mu da dare, suka kashe mutane, suka tafi da mata da shanu. Tun kafin a yi jana'iza ƙanena ya saki bidiyo yana kuka. A ciki ya faɗi adadin mamatan, daga baya aka ga ya ninka na gaskiya. Ya haɗa da hoton gawarwaki da wani ya turo masa, ashe tsohon hoto ne na wani wuri. Ya kuma ce Fulanin da ke zaune kusa da garin su ne infoma. Bayan kwana biyu ya tafi Kano ya yi wasan wani biki da aka daɗe da biyansa, aka ɗauke shi yana rawa ana masa liƙi.

Tun daga nan ba mu huta ba. Wasu na cewa da jinin mutane yake neman mabiya, wasu na cewa ai shi ya yi wa 'yan siyasar da suka kasa tsare mu waƙa lokacin zaɓe, wasu kuma na tambayar ina yake sa'ad da aka kashe na wasu garuruwan. An tono hotunan matarsa ana ta zagi. Lambobi biyu da ba mu sani ba sun kira shi sun ce sun san gidanmu. An fasa bukukuwa biyu. Matan rugar da suka yi shekara da shekaru suna kawo wa Innarmu nono sun ɗauke ƙafa, har mun ji an tare wani yaronsu a hanyar kasuwa an doke shi. Babanmu ya daina zama majalisa, ya ce ko ya bar waƙa ko ya bar masa gida. Abokansa na zuga shi ya fito kai-tsaye ya mayar wa kowa martani. Manajansa kuma ya ce ya goge komai ya yi shiru, mutane za su manta. Shi dai ba ci ba barci, kullum waya a hannu. Ni ce babba, kuma yana jin maganata. Me zan ce masa?

Daga wata 'yar'uwa, yammacin Kano

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kuɓutar da matan da aka tafi da su, ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Na ji nauyin da ke kanki, kuma na yarda kukan da ƙanenki ya yi a daren nan kukan gaskiya ne. Wanda ya tashi yana cin kasuwar garin, ya san gidajen da aka shiga, ba sai an koya masa baƙin ciki ba. Ki fara da faɗa masa haka, domin ya kwana biyu ba ya jin komai sai cewa munafuki ne. Amma kada ki tsaya a nan, saboda a cikin abin da ya yi akwai kuskuren da ya fi ƙarfin rarrashi.

A duk wasiƙarki, layin da ya fi tayar mini da hankali shi ne na yaron rugar da aka doke. Zagin intanet zai lafa, bikin da aka fasa wani zai zo a madadinsa, amma kalmar infoma idan aka rataya wa jama'a guda a lokacin da zukata ke tafasa, rai ake iya rasawa. Mu mutanen Kano mun ɗanɗana wannan ta ɗaya ɓangaren. A ƙarshen watan Maris na 2025, a Uromi ta jihar Edo, aka kashe mafarauta 16 da suka taso daga Fatakwal za su zo gida sallah, da yawansu 'yan Torankawa ne a ƙaramar hukumar Bunkure. Ba kotu, ba bincike, an ga bindigogin farauta aka ce masu garkuwa da mutane ne. Abin da ya ƙona mana rai a lokacin shi ne yanke wa mutum hukunci saboda ƙabilarsa da kamanninsa, kuma shi ne abin da bidiyon ƙanenki ya buɗe wa ƙofa ba tare da ya nufa ba. Gaskiya ne 'yan bindiga na amfani da infoma, amma infoma ba shi da ƙabila guda: ana samunsa cikin masu sayar musu da mai da burodi, cikin 'yan acaɓa, wani lokaci cikin gidan da aka shiga. Su ma Fulanin ruga ana kore musu shanu, ana ɗauke musu 'ya'ya. Don haka bashin da ke kan ƙanenki na mutane biyu ne, masu makoki da mutanen ruga. Masu sharhi a ƙarƙashin bidiyo su ne na ƙarshe a layi.

Abu na farko, yau ɗin nan, ki karɓi wayar ko ki sa wani ƙani mai hankali ya riƙe ta na kwana uku. Kafin a taɓa komai, a ajiye shaida: a sauke bidiyon a adana kwafinsa a wata wayar, a ɗauki hoton fuskar waya na saƙon wanda ya turo masa tsohon hoton nan, yadda sunan mai turowa da lokaci za su fito, a ɗauki na lambobin da suka kira da ranar da sa'ar kiran. Bayan haka sai a ɗauke bidiyon daga idon jama'a. A TikTok da Facebook duka ana iya mayar da abu ya zama mai shi kaɗai ke gani, kuma wannan ya fi gogewa gaba ɗaya, domin idan magana ta kai gaban hukuma za a buƙaci asalinsa da ranar da ya hau. Manajansa ya yi daidai da ya ce a cire, amma ya yi kuskure da ya ce a yi shiru. Mutane sun riga sun sauke, yana yawo a WhatsApp, kuma wanda ya cire abu bai ce uffan ba, cewa ake ya gudu. Mafi muni, zargin da ya yi wa ruga zai ci gaba da tsayuwa tunda mai shi bai janye ba.

Kafin ya yi wa duniya magana, ya fara da gida. Ya je ya durƙusa gaban Baba, ba da niyyar kare kansa ba, ya ce ya yi kuskure kuma ga yadda yake son gyarawa, ya roƙe shi ya shige masa gaba. Ki lura da abin da ke cin Baba: ba waƙar ce ta hana shi zama majalisa ba, kunyar haɗa ido da mutanen da ya yi shekaru yana gaisawa da su ce. Idan aka ba shi damar jagorantar gyaran, mutuncinsa ne zai dawo a idon gari. Maganar barin waƙa kuwa kada a ja ta yanzu. Ku nemi wani baffa ko limamin unguwa ya roƙi Baba a jingine ta har bayan arba'in, shi kuma ƙanenki ya yi alƙawarin ba zai saki sabuwar waƙa ko tallar wasa ba cikin mako biyu masu zuwa. Hukuncin da aka yanke cikin fushi kan sana'ar da ke ciyar da gida yakan zo da nadama ga kowa.

Daga nan sai ruga, amma ba shi kaɗai ba kuma ba da zugar abokai ba. Baba ya sanar da mai unguwa, mai unguwa ya kai ga dagaci, dagaci ya aika wa Arɗo cewa ana son zuwa da rana kaza. Mutum huɗu ko biyar sun isa: Baba, liman, wakilin dagaci, shi mai laifin. A tafi da goro, a bar waya a aljihu. Ya faɗa da bakinsa cewa ba shi da wata hujja a kan abin da ya faɗa, ya nemi gafara, ya tambayi halin da yaron ke ciki, ya ɗauki kuɗin magani. Mai yiwuwa Arɗo ya karɓe su da sanyin jiki, ko ya ce sai ya yi shawara da mutanensa. Haƙƙinsa ne, a ba shi lokaci a sake komawa. A roƙi dagaci ya kira shugaban 'yan sa-kai na yankin ya ja masa kunne cewa ba a yarda a tare kowa a hanya saboda wannan bidiyo ba, a kuma roƙi liman ya faɗi haka bayan sallar Juma'a. Sanarwar masallaci a ƙauye takan isa inda TikTok ba ya isa. Ke da Inna kuma kuna da naku zuwan wajen matan rugar, domin zumuncin nan naku ne tun kafin a haifi bidiyo, kuma mata sukan warware a tsakar gida abin da maza suka kasa a zaure.

Ta'aziyya ma haka. Ya bi gidajen da aka yi rashi ɗaya bayan ɗaya tare da wani dattijon garin, cikin shiga marar ɗaukar ido, ba mai ɗaukar hoto, ba tawaga. Idan wani ya faɗa masa magana mai zafi, ya sunkuyar da kai ya ce a yi haƙuri. Wanda aka kashe wa ɗa, sannan ya ga an liƙa hoton gawar wasu an ce nasa ne, yana da damar yin fushi. In zai taimaka, ya tambayi dagacin garin abin da aka fi buƙata. Inda aka kore shanun huɗa kuma aka kashe magidanta, hatsi da kuɗin cefane sun fi komai amfani, kuma buhun gero ko masara da aka shigar ta hannun kwamitin masallaci ya fi wanda aka raba a gaban kyamara.

A nan akwai gargaɗin da nake so ki riƙe da kyau, saboda matan da ke hannun mutanen nan. Kada ƙanenki ya buɗe gidauniyar kuɗin fansa a shafinsa, kada ya ambaci sunayensu, kada ya ce ga 'yar wane ko matar wane a ciki. Masu garkuwa suna da waya, suna kallon TikTok kamar kowa. Da zarar sun ga sanannen mutum ya shigo maganar, sai su ɗauka akwai kuɗi a bayanta, su ɗaga farashi, su tsawaita riƙo. Duk abin da ya shafi matan a bar wa iyalansu da hukuma. Ko gidauniyar abinci ce, ba yanzu ba, kuma ba da asusunsa na kansa ba. Idan ta zama dole daga baya, a yi ta da asusun ƙungiyar gari mai sa hannun mutum biyu, a riƙa bayyana abin da ya shiga da abin da ya fita. Mutumin da ake zargi da neman suna, ranar da naira ɗaya ta ɓace a hannunsa, ɓarawo za a kira shi.

Sai bayan waɗannan ziyarce-ziyarce ne zai yi magana ga jama'a, sau ɗaya, a bidiyon da aka ɗauka aka duba kafin a saki. Kada ya wuce minti ɗaya da rabi. Ya zauna a wuri marar ado, ba kiɗa a ƙasa, ba kuka, ba tabarau. Ya yi sallama da addu'a ga mamatan, sannan ya ambaci kurakuransa da sunansu: adadin da na faɗa ba daidai ba ne, hoton da na sa ba na garin ba ne, zargin da na yi wa Fulanin yankin ba ni da hujja a kansa kuma na janye shi, na je na ba su haƙuri, ina roƙon kada a taɓa kowa saboda maganata, wanda ke da bidiyon ya daina turawa. Ya yi shiru daga nan. Abin da ke ɓata irin wannan ban-haƙuri sananne ne. Akwai "idan na ɓata wa wani rai", wanda ke nuna bai yarda ya yi laifi ba. Akwai "amma ku ma", da "maƙiya ne ke son ganin bayana", da jera alherin da ya taɓa yi. Kowanne daga cikinsu aka yanko shi kaɗai, shi zai zama sabon abin yaɗawa. A rubuta kalmomin a takarda, ke da liman ku saurara kafin a saki. A sa shi a duk shafukan da na farkon ya hau, a kafe shi a sama, a kuma tura muryar kaɗai ta WhatsApp zuwa zaurukan garuruwan biyu, saboda masu ƙaramar waya da masu ƙarancin data.

Shawarar abokansa ta fitowa kai-tsaye ita ce mafi haɗari cikin duk waɗanda aka ba shi. A shirin kai-tsaye ba a gyara kalma, masu tsokana na shigowa da gangan, kuma mutumin da bai yi barci ba ba ya iya riƙe harshensa na awa guda. Wasu daga cikin masu sukar ma sana'arsu ke nan: duk martanin da ya mayar, abincin shafinsu ne na mako. Bayan bidiyon gyara, a taƙaita sharhi na kwana bakwai zuwa goma. TikTok na da wurin tace sharhi da kalmomi da wurin hana wasu haɗa bidiyonsa da nasu, Facebook na ba da damar zaɓar waɗanda za su iya sharhi. A sa sunan matarsa, sunan ƙauyenku da kalmomin zagin da ake maimaitawa cikin jerin da za a ɓoye. A kunna tabbatarwa mai mataki biyu a duk shafukan, har da lambar sirri mai alƙaluma 6 ta WhatsApp, domin a irin wannan lokaci ne ake ƙoƙarin ƙwace shafi a wallafa abin da zai ƙara masa wuta. WhatsApp yana kuma da wurin kashe ƙarar kiran baƙin lambobi.

Kiran barazanar nan kada ku raina shi, kada kuma ya hana ku sukuni. Sau da yawa samari ne masu zafin kai, amma a yankin da ke bakin iyaka ba a yin caca da irin wannan. Ya rubuta ƙorafi zuwa ga DPO na yankin, ya sa lambobin, ranaku, sa'o'i da ainihin kalmomin da aka faɗa, ya yi kwafi biyu a buga masa hatimi a ɗaya ya riƙe. Barazana ga rai ta waya ko intanet laifi ce ƙarƙashin sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, kuma tunda layukan waya a haɗe suke da lambar NIN, hukuma na da hanyar bin sawu. Kada ya wallafa lambobin a shafinsa, domin mabiyansa na iya afka wa wanda aka ari wayarsa ko aka yi rajista da sunansa. Kada ya biya wani da zai ce zai gano masa masu kiran a ɓoye. A sanar da dagaci, kowa a gidan ya san lambar gaggawa ta 112 da lambar ofishin 'yan sanda mafi kusa, kuma ya daina sanar da inda zai yi wasa ko hanyar da zai bi kafin lokaci. Idan kiran ya ci gaba, shi da matarsa su koma Kano na mako biyu, amma bayan ya je ruga da gidajen makoki, kada tafiyar ta zama kamar gudu.

Ya kamata kuma ya san cewa wannan sashe na 24 yana da kaifi biyu. Ya haɗa da wanda ya yaɗa saƙon da ya san ƙarya ne don ta da zaune tsaye ko jefa rai cikin haɗari. Ƙanenki bai san hoton tsoho ba ne, shi ya sa saƙon wanda ya turo masa da saurin janyewarsa suke da muhimmanci. Su ne shaidar cewa ba da gangan ya yi ba. Ya ga lauya ko na zama ɗaya ne kafin ya shiga ofishin 'yan sanda, in babu hali akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a a Kano. Ya kuma sanar da shugabannin ƙungiyarsu ta mawaƙa da kansa, tunda Hukumar Tace Finafinai ta jihar tana sa ido a kan mawaƙa, kuma gara su ji daga bakinsa tare da gyaran da ya yi. Hukumomi ba sa wasa da maganar 'yan bindiga a kafafen yaɗa labarai: a watan Agustan 2022 hukumar NBC mai sa ido a kan gidajen rediyo da talabijin ta ci tarar gidan talabijin na Trust naira miliyan 5 saboda wani shiri a kansu, alhali gida ne mai editoci da lauyoyi.

Batun bikin Kano yana buƙatar adalci. Ya karɓi kafin alƙalami, amarya da danginta ba su da laifi, kuma cika alƙawari ba abin kunya ba ne. Abin da ya yi zafi shi ne ganin hotuna biyu a jere, kuka ranar Talata, liƙi ranar Alhamis. Da ya roƙi masu bikin a buɗe da addu'a ga mamatan, ya hana yaransa ɗaukar bidiyo, ya rage rawa, da abin bai kai haka ba. Ba sai ya sa wannan a bidiyon gyara ba. Idan dattijan garin suka tambaya, ya ce alƙawari ne da ya riga harin kuma ya ga rashin dacewar yadda aka yaɗa shi. Waɗanda suka fasa bukukuwansu ya mayar musu da kuɗinsu cif, ba ja-in-ja, ya yi musu fatan alheri. Masu shirya biki sun san juna, kuma labarin wanda ya mayar da kuɗi da daɗin rai yakan dawo da ciniki.

Masu cewa ya yi wa 'yan siyasa waƙa suna da 'yar gaskiyarsu, kuma ba da baki ake amsa ta ba. Wanda ya taya mutum neman ƙuri'a, jama'a na da damar tambayarsa ina sakamako. In har yana da lambar shugaban ƙaramar hukuma ko ɗan majalisa, ya yi amfani da ita wajen samar wa dagatai da dattijan garuruwan ganawa, su kai buƙatunsu a rubuce: a girke jami'an tsaro a mashigar da maharan ke bi, a ba da motar sintiri da man da za ta sha, a gyara hanyar da ke hana ɗauki isowa da wuri. Shi ya tsaya a baya, dattijai su yi magana. Masu tambayar ina yake lokacin da aka kashe na wasu garuruwa kuwa, ba amsar da za ta gamsar da su. Sananne in ya yi shiru a ce bai damu ba, in ya yi magana a ce neman suna yake. Ya bar wannan ya wuce.

Matarsa ba ta yi bidiyo ba, amma ita ake ci wa mutunci. Ki je wajenta da kanki. A mayar da shafukanta na abokai kaɗai, a kai rahoton duk inda aka sa hotonta ta maɓallin ƙorafi na manhajar, mutum biyar ko goma daga dangi su yi hakan a rana ɗaya. Shi kuma ya ba ta haƙuri, ya kira iyayenta kafin su kira shi.

Ki sa ido a kan lafiyarsa. Ki tabbata yana cin abinci a gabanki, yana fita sallar jam'i, wayar kuma ba ta kwana kusa da shi. Idan rashin barcin ya wuce mako biyu, ko ya fara cewa gara ya mutu ya huta, ko kika ga ya koma ga ƙwayoyi don samun barci, kada ku tsaya jira, ku kai shi asibitin Malam Aminu Kano ko na Dawanau, inda akwai likitocin da wannan ne aikinsu. A irin wannan hali kada a bar shi ya kwana shi kaɗai.

Ranar da hankali ya kwanta, ku zauna da shi da manajansa ku kafa ƙa'idar da zai riƙa bi, domin wani harin zai iya zuwa kuma mabiyansa za su sake cewa ya yi magana. Labarin sa'o'in farko kusan kullum gurgu ne. A ranar 15 ga Mayun 2024, da aka cinna wa masallaci wuta ana sallar asuba a Gadan ta ƙaramar hukumar Gezawa, da yawa sun ɗauka harin 'yan ta'adda ne, sai 'yan sanda suka bayyana cewa rikicin gado ne na cikin dangi. A Tudun Biri ta Kaduna, cikin Disamban 2023, sai washegari aka tabbatar cewa jirgi marar matuƙi na sojoji ne ya jefa bam kan masu Mauludi. A rikicin Filato na 2018, binciken BBC ya gano cewa wani bidiyo da ya tunzura mutane a Facebook a Kongo aka ɗauke shi tun 2012. Saboda haka ya jira a yi jana'iza, ko a ji daga hukuma da wata kafa mai wakili a wurin. Kada ya faɗi adadi sai wanda dagacin garin ko 'yan sanda suka bayar, kuma ya ce daga wurinsu ya ji. Hoton gawa ba ya hawa shafinsa ko da na gaskiya ne, saboda mamaci da iyalansa suna da alfarma. Duk hoton da aka turo masa ya saka shi a Google Lens, manhajar binciken hoto, wadda sau da yawa takan nuna in hoton ya taɓa fitowa a wani wuri, kuma masu tantance labarai irin su Dubawa suna aiki da Hausa. Sunan ƙabila ba ya shiga maganarsa. Idan kuma wata rana ya samu bayani na haƙiƙa a kan wani infoma, DPO ko ofishin DSS zai kai shi a asirce. Faɗinsa a bidiyo yana ba mai laifin damar tserewa, yana kuma sa shi kansa a bakin bindiga. Aya ta 83 a Suratun Nisa'i ta yi magana a kan masu watsa labarin tsaro ko na tsoro da zarar ya zo musu maimakon su mayar da shi ga masu alhakinsa, liman zai iya karanta masa ita da fassararta.

A daren yau dai kada ki zuba masa duka wannan. Ki kai masa tuwo, ki karɓi wayar, ki ce masa gobe bayan asuba ku biyu za ku shiga wajen Baba. Idan Baba ya ƙi sauraro a karon farko, ku nemo baffan da yake jin nauyinsa, kuma saƙon neman ganin Arɗo ya tafi ta hannun mai unguwa a goben ko da Baba bai sauko ba tukuna, saboda ranar kasuwa na tafe kuma yaran rugar za su sake bin hanyar nan. Allah ya ba ki ikon riƙe su, ya sanyaya zukatan kowa.